Sifirin mota ko MagnaCut: abin da ke ƙarƙashin gardamar ƙarfen wuƙa

Da zarar watan babbar Sallah ya tsaya, kasuwar wuƙa takan buɗe. A Birnin Kebbi da Jega da Argungu za ka ga an baje su a kan buhu a bakin hanya, ga na maƙera masu baƙin jiki da ƙotar itace, ga na kanti masu ƙyalli da ƙotar roba. A da cinikin ba ya wuce a gwada kaifi a farce ko a gashin hannu, a yi tayi, a sallama. A 'yan shekarun nan wani abu ya shigo ciki. Masu tallan kaya a Facebook da TikTok suna nuna wuƙaƙen da aka buga wa lambobi a jiki, D2, 440C, S35VN, M390, MagnaCut, suna yanka takarda da igiya a gaban kyamara, suna cewa wannan ƙarfen ba ya dakushewa. Matasan da suka bi zancen sun fara ganin wuƙar maƙera tsohon yayi ce. Rundawa da maƙera kuma suna ganin ɓarnar kuɗi ce kawai, ƙarfe ai ƙarfe ne, hannun da ya buga shi ne magana.

Gardamar ba a nan aka fara ta ba. Masu sha'awar tara wuƙaƙe a Amurka da Turai da Japan sun shekara da shekaru suna yin ta. Ta ƙara zafi a watan Disamba na 2024, lokacin da kamfanin Crucible na jihar New York, wanda ya fitar da S30V da MagnaCut, ya je kotu ya bayyana karayar arziki, kafin kamfanin Erasteel na Faransa ya sayi sunayen ƙarafan da haƙƙin yin su a 2025. Masu goyon bayan tsofaffin ƙarafa suka samu abin faɗa: ga ƙarfen da kuke yabo, rayuwarsa a hannun kamfani ɗaya take, namu kuwa ko'ina akwai shi.

## Wanne ne "na gargajiya"?

Kalmar tana da ma'ana biyu, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

A bakin mutumin Kebbi, wuƙar gargajiya, ko yuƙa kamar yadda ake faɗa a nan, ita ce wadda ta fito daga maƙera. Sana'ar tsohuwa ce, har akwai unguwar da sunanta ke tuna ta a Birnin Kebbi, Maƙerar Gandu. Amma ƙarfen da maƙerin yau yake bugawa ba irin na kakanninsa ba ne. Su tama suke haƙowa, a zuga ta da gawayi a murhun ƙasa, a fito da dunƙulen ƙarfe, a yi ta bugu har dattin ya fita. Wannan aiki ya mutu a hankali cikin ƙarni na 20. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, motoci suka biyo baya, tsofaffin ƙarafa suka wadata. Wa zai kwana yana zuga tama alhali ga karyayyen sifirin mota a tasha? Yau abin da ke shiga wutar maƙera shi ne sifirin, da boris, da tsohon magagari, da faifan garmar tarakta. Galibinsu daga masana'antun ƙasashen waje suka fito.

A bakin masu sha'awar wuƙa na waje kuwa, na gargajiya shi ne ƙarfe mai sauƙin haɗi, wato baƙin ƙarfe da ɗan sinadarin kabon, wanda shi ne dai sinadarin da ke cikin gawayi. Kabon ɗin nan ne yake sa ƙarfe ya iya yin tauri. Lambobin da suke kira ba wani sirri ba ne. A 1095, lambobi biyun ƙarshe suna nufin kabon kusan kashi 0.95 cikin 100. A 5160, kashi 0.60. Sifirin mota galibi dangin 5160 ne, boris kuma 52100 ne mai kabon kashi 1, magagari mai kyau ma kashi 1 ko fiye. Ka ga ashe maƙerin Jega da maƙerin Amurka mai alfahari da 5160 kusan ƙarfe ɗaya suke bugawa. Bambancin shi ne na Amurka sabo ya saya da takardar da ta faɗi abin da ke ciki, na Jega kuwa da tartsatsi da amo yake gane nasa. Rodin gini ba ya cikin wannan lissafi. Kabon ɗinsa kaɗan ne kuma ba shi da tabbas, shi ya sa wuƙar rodi take kwanciya tun a rago na farko.

Tsakanin tsoho da sabo akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyom ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda yake yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ido ba ya gani, ta hana ruwa da iska cin sa. Yawancin wuƙaƙen kanti a nan suke. Su ma sunayensu suna karantuwa: 3Cr13 na Chaina yana da kabon kusan kashi 0.3 da kuromiyom 13, 8Cr13MoV yana da 0.8 da 13, shi kuma X50CrMoV15 na wuƙaƙen girkin Jamus yana da 0.5 da 15. Ƙorafin da rundawa suka daɗe suna yi cewa farar wuƙa ba ta cin nama yana da tushe, domin mafi yawan waɗanda suka iso kasuwanninmu masu ƙarancin kabon ne. Laifin na arahar ne, ba na farin ba.

Sai na saman, waɗanda ake yi da garin ƙarfe. Kafin a zo kansu, akwai abin lura: kambun "sabon ƙarfe" ba ya daɗewa a kai ɗaya. A shekarun 1960 da 1970, 440C shi ne abin nunawa. S30V ya fito a 2001 aka yi ta yayinsa, yau masu bin yayi suna yi masa kallon na kowa da kowa.

## Abu huɗu da ba sa zama inuwa ɗaya

Mai wuƙa abu huɗu yake so: ta daɗe da kaifinta, bakinta ya jure bugu bai yi giɓi ba, kada ta yi tsatsa, kuma idan ta dakushe ta wasu cikin sauƙi. Matsalar ita ce idan ka ja ɗaya, wani yakan saki.

Ana auna taurin ƙarfe da ma'aunin Rockwell, wanda ake rubutawa HRC. Adda takan tsaya wajen 50 zuwa 55, da gangan, don ta sari itace ta lanƙwasa ba ta karye ba. Wuƙaƙen girki na Jamus suna wajen 56 zuwa 58. Na Japan da na sabbin ƙarafa sukan kai 60 zuwa 64. Duk lokacin da lambar ta hau, kaifi yana ƙara daɗewa, amma bakin yana ƙara zama kamar tangaran: maimakon ya lanƙwashe idan ya haɗu da ƙashi, sai ya ɓantare. Bakin da ya lanƙwashe ana miƙar da shi da shafa biyu ko uku. Wanda ya yi giɓi sai an ci ƙarfe har an wuce giɓin.

## Kankare da tsakuwa

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da ke cikin ƙarfen wuƙa ita ce a tuna kankare. Akwai siminti, akwai tsakuwa. Jikin ƙarfen shi ne siminti. Tsakuwar kuma wasu ƙwayoyi ne masu tsananin tauri da ke samuwa idan kabon ya haɗu da kuromiyom ko banadiyom ko makamantansu. Masana suna kiransu kabaid, amma ba su da haɗi da wanda masu walda ke amfani da shi ko wanda ake nuka ayaba da shi.

Tsakuwar nan ce take hana baki saurin cinyewa. Ƙarfe mai yawan ta zai yi ta yanka igiya da kwali da fata mai ƙasa yana nan da kaifinsa. Amma idan tsakuwar manya ce, kuma ta taru wuri ɗaya, nan ne tsagewa take farawa, kamar dai bulon da aka cika wa manyan duwatsu. D2, wanda ya cika tallan intanet yanzu, misali ne mai kyau. Tsohon ƙarfen masana'antu ne mai kabon kashi 1.5 da kuromiyom kusan 12. Yana riƙe kaifi, amma tsakuwarsa manya ce, don haka bakinsa ba ya son a sirance shi sosai. Kuma da yake kabon ya kame yawancin kuromiyom ɗin ya mai da shi tsakuwa, abin da ya rage don yaƙi da tsatsa bai isa ba. D2 yana tsatsa idan aka bar shi da jini.

Abin da ke sa tsakuwar ta yi girma shi ne yadda babban dunƙulen narkakken ƙarfe yake daɗewa kafin ya huce. Dabarar da Crucible ya fara sayar da ita wajen 1970 ita ce a fesa narkakken ƙarfen da iskar gas ya tarwatse ya zama gari. Kowace ƙwaya tana daskarewa nan take, tsakuwar cikinta ba ta samu lokacin girma ba. Sai a ɗura garin a gwangwanin ƙarfe, a rufe, a matse shi da zafi da nauyi mai yawa har ya koma dunƙule ɗaya. Da wannan aka samu damar cusa sinadaran da a da ba za su yiwu ba. M390 na kamfanin Böhler na Ostiriya yana da kabon kashi 1.9, kuromiyom 20, banadiyom 4. S90V yana da banadiyom kashi 9.

MagnaCut, wanda masanin ƙarafa Larrin Thomas ya tsara kuma ya fito a 2021, ya bi wata hanya dabam. Maimakon ƙara kuromiyom, sai ya rage shi zuwa kashi 10.7, ya daidaita kabon a 1.15, ta yadda kuromiyom ɗin ba zai zama tsakuwa ba, zai zauna cikin jikin ƙarfen yana aikin hana tsatsa. Tsakuwar da ta rage ta banadiyom ce da niyobiyom, ƙanana kuma masu tauri. Sakamakon shi ne ƙarfen da ya haɗa jure bugu da ƙin tsatsa da riƙe kaifi fiye da yadda aka saba gani tare. Wannan ci gaba ne na gaske, ko masu adawa ba sa musa shi. Niyobiyom ɗin nan ma ba baƙo ba ne a Najeriya: daga ma'adinin kwalambayit ake samun sa, wanda aka yi ta haƙa tare da kuza a Jos, har ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950.

## Inda wuƙa take samun halinta

Sunan ƙarfe yana faɗin abin da zai iya zama ne kawai. Abin da zai zama a zahiri, a wuta ake yanke shi.

Ka tsaya a maƙera ka ga yadda ake gamawa da wuƙar sifirin. Yaro yana kan zugazugi, gawayin ƙirya yana ci. Maƙeri ya gama bugu, ya gyara baki da magagari, ya mai da ruwan wuƙar cikin garwashi da awartaki. Ba ya magana a wannan lokacin, idonsa yana kan launin ƙarfen. Da ya kai jan da yake nema, sai ya zaro ya tsoma a mai ko a ruwa, ya yi cuu, hayaƙi ya tashi. Ya goga magagari a bakin: idan ya zame bai kama ba, tauri ya shiga. Daga nan ya kankare gefe ɗaya ya yi fari, ya ɗora bayan wuƙar kusa da wuta, yana kallon launi yana tafiya daga gadon baya zuwa baki. Da bakin ya yi ruwan kara, sai ya sake tsomawa.

Kowane mataki a nan yana da lissafinsa a kimiyya. Jan da yake jira zafin digiri 800 ne zuwa 850 a ma'aunin salshiyas, kaɗan sama da 770 inda maganaɗisu yake daina kama ƙarfe. Tsomawar farko tana ba da tauri mai yawa amma mai saurin karyewa. Ɗumamawar ta biyu tana sassauta shi: ruwan kara yana nuna wajen digiri 220 zuwa 230, shuɗi kuma wajen 300, wanda ya yi wa wuƙa laushi amma ya dace da sifirin. Ƙarfe mai sauƙin haɗi yana yafe ƙaramin kuskure, shi ya sa ido da gwaninta suke isa. Raunin hanyar shi ne rashin daidaito. Wuƙa goma daga hannu ɗaya ba lallai su fito iri ɗaya ba, hasken rana yana ruɗin ido wajen karanta launi, tsohon sifirin kuma yana iya zuwa da tsagar da ba a gani, wadda shekarun ramukan hanya suka bar masa.

Sabbin ƙarafan ba sa karɓar wannan horo sam. Suna buƙatar zafin da ya haura digiri 1,050, a murhun lantarki mai ma'auni, a kāre su daga iska, wasu ma a sanyaya su da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ko an ba maƙerin gari sandar M390 kyauta, murhun gawayi ba zai fito da amfaninta ba. Haka nan kamfanin da ya yi ha'inci a wannan mataki zai iya sayar da wuƙar ƙarfe mai tsada wadda ba ta kai ta sifirin da gwani ya yi ba.

Akwai kuma siffar bakin. Gwajin da ake yi da injin wata cibiyar binciken wuƙaƙe ta Sheffield, CATRA, inda ake yanka kati mai yashi a ciki har wuƙa ta dakushe, ya nuna cewa sirantar baki tana sauya sakamako ƙwarai, har ƙarfe na tsaka-tsaki mai siririn baki yakan wuce mai tsada da aka bar wa baki mai kauri.

## Dutsen da ke gidanka

A nan ne gardamar take sauka ƙasa, kuma nan ne masu talla ba sa taɓawa.

Washi gurza ce. Dole dutsen ya fi abin da yake gurza tauri. A wani ma'aunin, na Vickers, ƙarfen wuƙa da ya sha wuta yana wajen 700 zuwa 800. Ƙwayar yashin da ke cikin dutsen washi na gida tana wajen 1,100, don haka tana cin wuƙar maƙera cikin sauƙi. Dutsen kanti na yau da kullum yana wajen 2,000. Tsakuwar banadiyom kuwa tana kusan 2,800. Ma'ana, dutsen da ke gindin randa, ko dakalin siminti, ko bayan farantin tangaran da ake goga wuƙa a kai, zai ci simintin ƙarfen a hankali amma ba zai iya tsakuwar ba. Dutsen kanti zai yi aikin, sai dai da jan lokaci, musamman ga masu banadiyom da yawa. Abin da ya dace da su shi ne faranti mai garin daimon, wanda shi ma saye ne na dabam, kuma ba a kowace kasuwa ake samun sa ba.

Kalli barunde a mahauta da sassafe. Wuƙa biyu ne a hannunsa ko wuƙa da ƙarfen shafa. Ya yi 'yan yanka, ya shafa wannan a jikin wancan sau uku ko huɗu ba tare da ya duba ba, bakinsa na kan ciniki, ya ci gaba. Wuƙarsa ba ta daɗewa da kaifi, amma kuma ba ta taɓa nisa da kaifi, domin dawo da shi daƙiƙa biyar ce. Wannan ba ƙauyanci ba ne. A mahautun Turai da Amurka ma, wuƙaƙen da ma'aikata ke riƙewa, irin na Victorinox, ƙarfe ne mai sauƙin haɗi da taurin wajen 56, kuma haka suke shafa su duk bayan ɗan lokaci.

Ga Musulmi maganar ta wuce sana'a. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Abin da ake nema shi ne kaifi a lokacin yankan. Wuƙar da ta riƙe kaifi wata uku sannan ta dakushe a hannun wanda ba shi da dutsenta ba ta biya wannan buƙata ranar layya ba.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu son tsofaffin ƙarafa suna cewa nasu ya fi ɗaukar siririn kaifi, kuma akwai gaskiya a ciki. Ƙarfe mai ƙarancin tsakuwa ana iya sirance bakinsa matuƙa ba tare da ya ɓantare ba. Shi ya sa askar wanzami take yin abin da take yi, shi ya sa kuma manyan masu dafa abinci na Japan har yau suke biyan ɗaruruwan daloli kan wuƙar shirogami, wanda kusan baƙin ƙarfe ne da kabon zalla, mai tsatsa idan aka bar shi da lema. Hatta a cikin marasa tsatsa, AEB-L da kamfanin Uddeholm na Suwidin ya yi don reza ya samu karɓuwa wurin masu ƙera wuƙa saboda ƙanƙantar tsakuwarsa. Suna ƙarawa da jure bugu: 5160 yana cikin waɗanda suka fi ƙin karyewa, ga araha, ga gyara a ko'ina. Idan ƙota ta fita ko baki ya yi giɓi, maƙeri yana nan.

Masu son sababbi su ma ba da ka suke magana ba. Akwai ayyukan da ke cinye baki da gaske. Fatar dabbar da ta yi kiwo a daji cike take da ƙura da yashi, kuma yashi ne babban maƙiyin kaifi, don haka mai fiɗa zai ga bambanci. Haka mai yanka igiyar leda da buhu da kwali duk yini. Sai tsatsa. Masuncin Argungu ko na Yawuri, wanda wuƙarsa ke kwana a jiƙaƙƙen kwalekwale, ya san yadda baƙar wuƙa take yin ja cikin dare ɗaya da damina, kuma tsatsa tana fara cin bakin ne, inda ƙarfen ya fi siranta. Jini ma yana da gishiri. Mai yanka albasa a Aliero ko mai sayar da lemo da tumatir ya san baƙar wuƙa tana iya sauya launin abin da ta yanka ta bar masa ɗan ƙarnin ƙarfe. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce baƙin da wuƙa take yi da daɗewa ba tsatsa ba ce, riga ce da ke rage tsatsar, kuma shafa ɗan mai bayan wanki yana magance sauran. Haka ne, amma sai mai wuƙar ya kasance mai tunawa.

Akwai kashi na uku a gardamar da ba a cika faɗa ba: yawancin masu sayen manyan ƙarafan nan a waje masu tarawa ne, wuƙarsu ba ta wuce buɗe kwali da fere tuffa. Sha'awa ce, kamar ta doki ko ta agogo, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kuskuren yana zuwa ne idan aka ɗauki ma'aunin mai sha'awa aka ɗora wa mai neman abinci.

## Kuɗi da jabu

Wuƙar aljihu ta MagnaCut ko M390 daga kamfani sananne galibi tana farawa ne daga sama da dala 100, da yawa kuma suna kai 200 zuwa 300. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. A farashin wancan lokacin, wuƙar dala 200 ke nan ta kama naira 300,000 kafin kuɗin kawowa, fiye da albashin wata huɗu ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000. Ba kuma za a ce a yi irinta a gida ba. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka fara ginawa a 1979 har yau ba ta kai ga narka ƙarfe yadda aka tsara ba, balle a yi zancen garin ƙarfe.

Wannan tazarar ce ta buɗe wa jabu ƙofa. Buga "M390" a jikin wuƙa aikin daƙiƙa ne da injin zane, kuma ido ba ya iya bambance ƙarfe da ƙarfe. Farashi ne shaida ta farko: wuƙar da aka ce M390 ce amma kuɗinta bai wuce na kaza biyu ba, araha ba ta ado. "Damaskus" ma haka. Na asalin tarihi daga wani ƙarfe ne da ake narkawa a kudancin Indiya da Siri Lanka. Abin da ake kira da sunan yau ƙarafa biyu ne da aka linka aka buge tare, sannan aka fito da zanen da ruwan asid. Zanen ado ne, ingancin yana ga ƙarafan da aka haɗa da wutar da suka sha. Mafi arha ma zanen buga shi kawai aka yi a sama. Idan ka jera biyu ka ga zanensu iri ɗaya sak, ko ka ga zanen bai ratsa gadon bayan wuƙar ba, to ka gane.

## Abin da ya shafi mai saye a nan

Ga maigida mai yanka sau ɗaya ko biyu a shekara, sauya ƙarfe ba zai sauya masa komai ba. Wuƙarsa a ajiye take lalacewa, cikin kuben fata mai riƙe lema, ba wurin aiki ba. Ga uwargida da mai sayar da kayan miya, farar wuƙa mai kabon daga kashi 0.5 zuwa sama ta fi 3Cr13 nesa ba kusa ba, kuma dutsen gida yana cin ta. Mai fiɗa da masunci su ne za su fi ganin amfanin sababbin ƙarafan, idan aljihu ya ɗauka kuma aka sayi farantin daimon tare da wuƙar.

Maƙera kuwa ba MagnaCut ce barazanarsu ba, tunda ba kasuwa ɗaya suke ci ba. Abin da ke matsa musu shi ne farar wuƙar Chaina mai arha daga gefe ɗaya, da 'yan bola jari daga ɗaya gefen, waɗanda ke kwashe sifirin da boris a auna a kilo a loda zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Idan sifirin ya yi tsada, maƙerin da ke son ya sayar a farashin jiya zai koma rodi da faifan da bai san asalinsa ba, mai saye kuma ya ce wuƙar maƙera ta lalace. Tambayar da ta kamata a yi wa mai wuƙa a kasuwa ita ce, "Baba, da wane ƙarfe aka yi ta?" Wanda ya yi da sifirin ko magagari ba ya jinkirin amsawa.

Sai kuskuren jajiberin Sallah, wanda ya shafi tsohon ƙarfe da sabo baki ɗaya. Mutum ya tuna da wuƙarsa a makare, ya kai wa mai walda ya kara ta a injin gurza ƙarfe. Tartsatsi ya tashi, cikin minti ɗaya ta yi kaifi. Amma idan ka duba ka ga bakin ya yi shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300 a daidai inda ƙarfen ya fi siranta, taurin da wuta ta ba shi ya tafi. Za ta yanka ragon, ta kwanta kafin a gama fiɗa, kuma ba za ta sake riƙe kaifi ba sai an ci wannan shuɗin duka a kan dutse da ruwa.